Fitilar da Ke Jin Ɗumin Jiki: Yadda Take Fama da Zafi da Ƙura da Ruwan Sama

A 'yan shekarun nan wata irin fitila ta yawaita a ƙofofin gidaje da shaguna da harabar makarantu a garuruwanmu. Da rana tana nan a kashe, da dare ma haka, sai mutum ya doso ta sannan ta kama da kanta ta haska masa hanya, idan ya wuce da ɗan lokaci kuma ta mutu. Wasu daga cikin irin waɗannan fitilu suna shan wuta ne daga layin lantarki, amma mafi yawan waɗanda ake gani yanzu suna ɗauke da ɗan faifan sola a ka da batir a ciki. Amfaninta a fili yake: ba ta ɓarnar wuta, tana razana mai shigowa da mugun nufi, kuma tana hana mai fita tsakar dare taka kunama ko maciji a bakin ƙofa.

Na taɓa kafa guda ɗaya a saman ƙofar gidana cikin watan Disamba. A lokacin, ko kyanwa ce ta gifta daga can bakin katanga sai ta kama. Da Afrilu ya shigo sai ta soma yi mini kunnen ƙashi. Sai na zo dab da ƙofa, har ina laluben makulli, sannan ta farga. Na yi zaton ta lalace ne, amma da ruwa ya sauka gari ya yi sanyi sai ga ta ta dawo kamar da. Ban gama murna ba, cikin Agusta na lura da ɗigon ruwa a bayan gilashinta, ta ciki, kafin ƙarshen damina kuwa ta mutu murus. Ga shi kuma a jikin kwalinta an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ruwa ba ya shigarta.

Cututtuka biyu ne dabam-dabam suka kama wannan fitila, kuma kowanne yana da bayaninsa a kimiyyance. Domin mai karatu ya gane su, dole mu fara da tambayar abin da fitilar take gani.

Idon da ke ganin zafi

Kowane abu a duniya yana fitar da wani irin haske gwargwadon zafinsa. Ƙarfen da maƙeri ya sa a wuta yakan yi ja har ido ya gani, amma tun kafin ya yi ja yana fitar da haske, sai dai irin wanda idonmu ba ya kamawa. Wanda ya fara gano wannan ɓoyayyen haske shi ne William Herschel, masanin taurari haifaffen Jamus mazaunin Ingila, a shekarar 1800. Ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku ya rarrabu zuwa launukan bakan gizo, sannan ya riƙa ɗora ma'aunin zafi a kan kowane launi. Da ya matsar da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya tarar zafin ya ma ƙaru. Wannan shi ne hasken da ake kira infirared, wato wanda yake ƙasa da ja. A nan za mu riƙa kiransa hasken zafi.

Masu sauraron rediyo sun saba jin ana cewa tasha kaza tana kan mita kaza a gajeren zango. To, haske ma tafiya yake yi a zango-zango, sai dai nasa zangon ƙanana ne ƙwarai, ana auna su da maikiromita, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Hasken da idon ɗan'adam yake gani yana tsakanin maikiromita 0.4 da 0.7. Jikin mutum kuwa, wanda cikinsa yake kan digiri 37 a ma'aunin santigiret, fatarsa kuma take kan wajen digiri 33 zuwa 34, ya fi fitar da haske mai zangon maikiromita 9 zuwa 10. Babban mutum da yake zaune bai yin komai yana zubar da zafin da ya kai kimanin wat 100, kuma kaso mai yawa na wannan zafi ta hanyar hasken nan yake fita. Ashe kowannenmu fitila ce mai ci dare da rana, idon ganinta ne ba mu da shi.

Akwai halittun da suke da shi. Mesa tana da wasu ƙananan ramuka a jikin ɓawon leɓɓanta waɗanda suke jin ɗumin ɓera ko zomo cikin duhu. Wasu macizan nahiyar Amurka da na Asiya suna da rami ɗaya a kowane gefen fuska, tsakanin ido da hanci, wanda ya fi na mesa kaifi. A shekarar 2010 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, ƙarƙashin David Julius, suka nuna cewa wani furotin ne a jijiyoyin waɗannan ramuka yake buɗewa idan ɗumi ya taɓa shi, ya aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Kasa da kububuwa da gamsheƙa ba su da irin waɗannan ramuka, duk da abin da akan ji ana faɗa.

Idon fitilarmu dangin wannan ne. Idan aka ɓalle farin ƙoƙon robar da ke gabanta, za a ga wani ɗan gwangwani mai 'yar taga, bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba. A cikinsa akwai ƙananan ɓangarori biyu na wani sinadari mai wata ɗabi'a ta musamman: duk lokacin da zafinsa ya canza, ko da kaɗan ne, sai ya haifar da 'yar wutar lantarki. A lura da kalmar canzawa, domin a kanta komai ya rataya. Idan zafi ya tsaya wuri ɗaya, komai yawansa, sinadarin shiru yake yi. Bugu da ƙari, an haɗa ɓangarorin biyu ne suna adawa da juna, ta yadda idan ɗumi ya same su lokaci guda, kamar sa'ad da gari ke ƙara zafi da hantsi, wutar ɗaya takan soke ta ɗaya. Sai ɗumi ya faɗa kan ɗaya kafin ɗaya sannan saƙo ya fita.

Shi kuma farin ƙoƙon nan ba murfi ne kawai ba. In an duba cikinsa da kyau za a ga an sassaƙa shi gida-gida, kowane gida da zobba sirara. Kowane gida madubin tattara haske ne, irin wanda Augustin Fresnel, Bafaranshe, ya ƙera wa hasumiyar haska wa jiragen ruwa, aka fara amfani da shi a 1823. Aikin gidajen nan shi ne su yanka filin da ke gaban fitila zuwa yankuna, kamar yatsun hannu da aka ware. Mai tafiya yana fita daga wannan yanki yana shiga wancan, ɗuminsa yana sauka a kan ɓangarorin nan biyu yana ɗaukewa, ita kuwa na'ura tana fassara wannan da cewa wani abu mai ɗumi yana motsi. Shi ya sa fitilar ta fi saurin kama wanda ya gifta ta gabanta bisa wanda ya nufo ta kai-tsaye, domin shi mai nufowa yana iya daɗewa cikin yanki guda.

Ba a yin ƙoƙon da gilashi, saboda gilashi ba ya barin hasken zafi mai zangon maikiromita 10 ya ratsa shi. Da roba ake yinsa, irin robar da ake kira foliyetilin, dangin wadda ake yin jarka da leda da ita, kuma dole ta zama siririya. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da bazara take yi

Yanzu cuta ta farko ta bayyana. Idon fitila ba mutum yake nema ba, bambanci yake nema tsakanin ɗumin mutum da ɗumin abin da ke bayansa, wato ƙasa da bango da itatuwa. A daren Disamba ko Janairu a Kano ko Zariya, sanyi yakan sauko zuwa wajen digiri 13 ko 14. Fuskar mutum da hannuwansa sun ɗara bango da kusan digiri ashirin. Ga idon fitila, kamar garwashi ne a cikin duhu. A watan Afrilu kuwa, da rana zafi yakan kai digiri 40, a Sakkwato da Maiduguri har ya zarce. Bangon siminti da daɓen tsakar gida suna yini suna shan rana, bayan magariba kuma su riƙa amayar da zafin a hankali. Da ƙarfe takwas ko tara na dare bangon yana iya kasancewa kan digiri talatin da 'yan kai, daidai da fatar mai wucewa. Mutum ya saje da bango ke nan, kamar farin zane da aka shanya a jikin farin bango. Fitilar lafiyarta ƙalau, ganin ne ya gagara.

Masu ƙera fitilu masu kyau sun san da wannan, don haka sukan sa wani ɗan ma'aunin zafi a ciki wanda ke ƙara wa idon kaifi idan gari ya ɗumama. Dabarar tana taimakawa, amma tana da iyaka, domin ba a ƙara girman bambancin da babu shi. Kuma ido mai kaifi da yawa yakan soma ganin abin da ba a aike shi ba: iska mai ɗumi da ta taso daga kwano, ko reshen darbejiya da ya sha rana yana kaɗawa, ko hucin janareta.

Akwai wata irin fitilar da ba ta dogara da ɗumi ko kaɗan. Ita tana watsa igiyar rediyo ne mai ƙaramin ƙarfi, ta saurari dawowarta. In abin da igiyar ta daka yana motsi, sai ta dawo da ɗan canji. Bazara ba ta dame ta ba. Sai dai nata aibin shi ne ba ta bambance mai rai da marar rai, don haka ruwan sama mai ƙarfi da labule da ganye duk mutane ne a wurinta, kuma tana iya jin motsi ta bayan ƙofar katako ko siririn bango. A ganina, a gidan da ke da itatuwa a tsakar gida, gara mai jin ɗumi da rauninta na wata biyu bisa wadda za ta kwana tana kamawa tana mutuwa.

Lambobi biyu a jikin kwali

Mu koma ga cuta ta biyu, wadda ta kashe fitilata. Rubuta cewa ruwa ba ya shiga ba ya nufin komai a ma'aunin kimiyya, tun da bai faɗi wane irin ruwa ba, daga wace fuska, na tsawon wane lokaci. Abin da ke da ma'ana shi ne haruffan IP tare da lambobi biyu, kamar IP44 ko IP65. Hukumar duniya mai tsara ma'aunan kayan lantarki, wadda hedikwatarta take Janeba a ƙasar Suwizalan, ita ta tsara wannan ma'auni, ta fara fitar da shi a 1976.

Lambar farko, daga 0 zuwa 6, tana magana ne a kan abubuwa masu ƙarfi. Lamba 4 tana nufin abin da kaurinsa ya kai milimita ɗaya ba zai shiga ba. Lamba 5 tana nufin ƙura za ta iya shiga, amma ba mai yawan da zai hana aiki ba. Lamba 6 kuwa ita ce ba ƙurar da za ta shiga sam. Akan gwada wannan ne a cikin wani akwati da ake tayar da farar hoda mai laushi, har tsawon awa takwas, ana kuma zuƙe iskar cikin fitilar don a jawo hodar. Lamba ta biyu ta ruwa ce. Lamba 3 feshi ne daga sama da ɗan karkace. Lamba 4 fantsama ce daga kowace fuska. Lamba 5 ruwan tiyo ne mai bakin milimita 6.3, yana zubar da lita 12.5 a minti. Lamba 6 tiyo ne mai bakin milimita 12.5 da lita 100 a minti. Lamba 7 kuwa nutsarwa ce cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya har minti 30.

Ruwan daminarmu ba a tsaye yake zuwa ba. Hadari yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi a gaba, ruwan ya riƙa dukan bango a kwance. Saboda haka fitila mai IP44 ta dace ne da ƙarƙashin baranda ko cikin zaure kawai. Wadda za ta tsaya a fili, a kan katanga ko fal, kada ta gaza IP65.

To amma a dubi abin da gwajin nan ya ƙunsa. Sabuwar fitila ake gwadawa, da ruwa mai tsabta, cikin ɗakin gwaji mai matsakaicin zafi, na 'yan mintoci. Lambobin ba su ce komai ba game da fitilar da ta shekara tana gasuwa a rana. Ban da haka, sau da yawa kamfanin da ya ƙera kayan ne da kansa yake buga lambar, kuma tawada ba ta da tsada. Lambar IP sharaɗi ce ta farko, wadda in babu ita ba a ma fara ciniki ba, amma ba ita ce ƙarshen bincike ba.

Akwatin da yake numfashi

Yaya aka yi ruwa ya shiga fitilar da aka rufe ruf? Amsar tana cikin darasin iskar gas da ɗaliban sakandare suke yi. Fitila mai baƙin jiki da ta yini a rana, iskar cikinta tana iya kaiwa digiri 60. Iska in ta yi zafi buɗewa take yi, don haka wani kasonta yakan sulale waje ta duk wata 'yar kafa da ya samu, ta gefen zoben roba ko ta inda waya ta shiga. Sai ga hadari da la'asar, ruwa mai sanyi ya sauka a kanta, cikin 'yan mintoci ta koma digiri 25. Mu lissafa: a ma'aunin Kelbin digiri 60 shi ne 333, digiri 25 kuma 298. Bambancin 35 ne cikin 333, wato ƙarfin iskar ciki ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin goma. Iskar duniya tana danna kowane murabba'in santimita da nauyin kimanin kilo ɗaya. Kashi ɗaya cikin goma na wannan giram 100 ne. A kan murfi mai santimita 10 tsawo da 10 faɗi, nauyin kilo 10 ke nan yana turowa ciki. A daidai wannan lokaci kuwa duk bakin murfin a jiƙe yake. Fitilar da kanta take tsotsar ruwan, kamar yaro da tsinken shan lemo.

Ko da ruwan bai shiga a matsayin ruwa ba, yana shiga a matsayin laima. Iska mai digiri 30 tana iya ɗaukar tururin ruwa har giram 30 a kowane kubik mita, mai digiri 20 kuwa giram 17 kacal. Iskar Agusta mai nauyin laima ta shiga da yamma, da asuba gari ya yi sanyi, rarar ta sauka a jikin gilashi da allon wayoyi kamar yadda raɓa take sauka a kan ciyawa. Shiga da sauƙi, fita da wuya. Kullum ana tara kaɗan, har wata rana a ga kududdufi a gindin fitila. Daga nan sai tsatsa: siraran hanyoyin tagulla su yi kore, ƙafafun batir su ci, wuta ta soma bin hanyar da ba tata ba.

Masu nazarin halittu ba za su yi mamakin maganin da injiniyoyi suka samo ba, domin ƙwan kaza ya riga su. Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da iska ke ratsawa ɗan tsako ya yi numfashi, amma abin da ke ciki bai zuba ba. Haka fitilu masu inganci suke da wani ɗan maɓalli mai fatar roba ta musamman, wadda ƙofofinta suka ishi iska da tururi wucewa amma suka yi wa ɗigon ruwa ƙanƙanta. Da yake iska tana shiga da fita a sake, ƙarfinta a ciki da waje yakan daidaita, tsotson nan bai taso ba. Waɗansu kuma, masu ƙaramar lamba, suna da 'yar huda a ƙasa don ruwan da ya taru ya tsiyaye. Na sha ganin mai gida ya ga hudar nan ya ɗauka kuskuren kamfani ne, ya toshe ta da gam, ko kuma ya kafa fitilar a kife hudar tana kallon sama. Duka biyun kashe ta ne da hannu.

Rana da hazo

Kowa ya san abin da ke samun bokitin roba ko butar da aka bari a rana shekara guda: launi ya koɗe, jiki ya yi gari-gari, in an ɗaga da ruwa ta tsage. A cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, can gaba da shunayya, mai gajeren zango da ƙarfin gaske. Ƙwayoyin roba dogayen sarƙoƙi ne, shi kuwa wannan haske, tare da taimakon iskar oksijin, tsinka su yake yi. Baƙin tankin ruwa yana daɗewa ne domin an cuɗa robarsa da baƙin garin kabon da ke shanye hasken tun daga fata. Ƙoƙon idon fitila kuwa, kamar yadda muka gani, dole ya zama siriri don hasken zafi ya ratsa. Saboda haka shi ne wuri mafi rauni a jikin fitilar duka, kuma shi ne wanda ba za a iya ɓoyewa ba. In ya soma yin rawaya ko ya yi gautsi, saura ƙiris ya tsage. Ya tsage kuwa, lambar IP65 ta zama labari. Zoben robar da ke bakin murfi ma haka yake bushewa ya daina komawa mazauninsa.

Zafin yana aiki a ciki ma. Batirin litiyam da ke yawancin fitilun sola ba a so a yi masa caji in zafinsa ya haura digiri 45, alhali a fitilar da faifai da batir suke jiki ɗaya, lokacin cajin shi ne lokacin da akwatin ya fi zafi. Batirin yana tsufa da wuri, sai a ga fitilar da take kai wa asuba ta koma mutuwa tun tsakar dare. Akwai wani nau'in batirin litiyam mai haɗin ƙarfe da fosfet wanda ya fi jure zafi, ana rubuta shi LiFePO4 a jikin kwali. Ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Shi kansa faifan sola ƙarfinsa yana raguwa da kimanin kashi 0.4 cikin ɗari a kan kowane digiri da ya hau sama da 25. A fitilar da ke kan layin lantarki kuwa akwai wasu ƙananan gwangwanaye masu ruwa a ciki, kafasita, waɗanda injiniyoyi suka ƙiyasta cewa ƙarin digiri 10 yana raba kwanansu biyu. Sau da yawa ƙwayoyin LED ɗin lafiya lau suke, kafasita ce ta bushe.

Sai kuma hazon hunturu. Kaso mai yawa na ƙurar da ke rufe mana sama daga Nuwamba zuwa Fabrairu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, inda iska take matsewa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi ta fito da gudu. Wurin gindin wani makeken tafki ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, wanda Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Farar ƙasar wurin galibinta ɓawon wasu ƙananan tsirran ruwa ne masu ƙwayar halitta guda, da ake kira dayatom. Wato abin da muke sharewa a kan tebur da hunturu, har da gawarwakin halittun da suka rayu a ruwa tun kafin a kafa Kano. Ƙurar tana da laushin da take shiga inda milimita ɗaya ya yi mata faɗin ƙofar gari, don haka lamba 4 ba ta tare ta. A kan faifan sola tana rage caji a daidai lokacin da hazo ya riga ya dusashe rana. A kan ƙoƙon ido tana rage nisan gani. A ciki kuwa tana kwanciya a kan allon wayoyi ba ta cutar da komai, har sai laimar damina ta zo ta jiƙa ta, ta zama taɓon da wuta ke bi.

Masu haya ba da izini ba

Akwai ɓangaren da ba a gwada shi a kowane ɗakin gwaji, wanda kuma ni ya fi ba ni sha'awa. Fitilar waje gida ce ga halittu. Haske yana jawo ƙwari, musamman fari fat mai sirkin shuɗi. Mai sirkin rawaya bai kai shi jawowa ba. Bayan ruwan farko shinge yakan yi dafifi a kanta. Ƙwari suna jawo tsaka da gizo-gizo. Tsaka jikinta yana bin zafin wurin da take ne, don haka daga nesa idon fitila ba ya ganinta, amma in ta bi ta kan ƙoƙon kanta, ta tare yankuna da yawa a lokaci guda, sai fitila ta kama ba kowa. Saƙar gizo mai kaɗawa a iska haka take yi. Zanzaro yakan ga lungun da ke ƙarƙashin ƙoƙo ya dace da ɗakinsa na laka, ya gina ya rufe rabin ido. Ƙananan tururuwa sukan bi ta hudar waya su tare a ciki da ƙwayayensu, don akwai ɗumi da duhu. Kafin a yanke wa fitila hukuncin lalacewa, a sa tsani a duba ko baƙi ne suka sauka.

Wajen kafawa, inuwa ta fi komai. Fitilar da aka sa ƙarƙashin bakin rufi, nesa da indararo, ta tsira daga rabin abokan gabanta. In ta sola ce, a nemi wadda faifanta yake dabam da doguwar waya, faifai ya hau rufi ya sha rana, batir da ido su zauna a inuwa. Bangon yamma shi ya fi gasuwa da la'asar, na gabas kuma shi ya fi shan dukan hadari. Tsawon mita biyu zuwa biyu da rabi daga ƙasa ya wadatar, a kuma juya idon yadda mai zuwa zai gifta ta gabansa. Wayar da za ta shiga fitila a bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau ta shiga, domin ruwan da ya biyo ta ya ɗiga a gwiwar maimakon ya bi ta ciki. A goge faifai da ƙoƙo da tsumma mai laushi da ɗan ruwa, mako-mako in ana hazo. Kada a sa fetur ko kananzir, suna cin roba.

Ga malamai, fitila ɗaya ta ishi darasi mai kyau. A rufe faifan solarta da kwali don ta ɗauka dare ya yi. A sa ɗalibi ya gifta ta gabanta, a auna nisan da ta kama shi, sannan ya nufo ta kai-tsaye a sake aunawa. A tare idon da gilashin taga, za a ga ta makance duk da cewa mu muna gani tar ta cikinsa. A cire gilashin a sa siririyar baƙar leda, wadda mu ba ma gani ta cikinta, galibi za ta kama. A jiƙa ledar da ruwa a ga yadda nisan zai ragu, domin ruwa yana shanye hasken zafi. Don nuna numfashin akwati, a shanya gorar roba marar komai a rana bakinta a buɗe, a rufe ta da kyau, a kwarara mata ruwan randa, ɗalibai su ga yadda za ta lotsa. Sannan a rubuta nisan da fitilar take kama mutum a bakin ƙofar ɗakin kwanan ɗalibai da ƙarfe takwas na dare a watan Janairu, a ajiye littafin, a sake aunawa a wuri guda da lokaci guda cikin Afrilu.